Gurasar da Jurabek Ya Gatsa

Ranar da mijina Jurabek zai tafi Koriya aiki, surukata ta ciro gurasa mai zafi daga tanderu ta tare shi a bakin ƙofa. Ya gatsa sau ɗaya, ta karɓe sauran. Haka ake yi a nan Margilan, mai tafiya nesa yana barin ragowar rabonsa a gida don ya dawo ya cinye. Ta zura zare a tsakiyar gurasar, ta rataye ta a ɗakin baƙi, saman kafet ɗin bango. Shekara uku ina goge mata ƙura duk safiya. Oyijon, haka nake kiran surukar tawa, takan tsaya ta kalli shatin haƙoran ɗanta a jikin gurasar, har da na gaban nan da ya ɗan karkace, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta juyo ta ce ban share tsakar gida da kyau ba.

Ya tafi 'yarmu Zilola ba ta fara zama ba. Ta taso ta san ubanta wani mutum ne da ke cikin waya, wanda idan caji ya ƙare shi ma ya ƙare. Da ya ce zai zo hutu a farkon kaka na yi murna, har sai da ya ƙara da cewa hutun wata ɗaya ne, idan ya wuce haka bizarsa ta mutu, kuma ya riga ya amince da wasu shekaru uku. Ni so nake ya zauna. Ban faɗa ba, don matar ɗa a gidan nan aikinta ta zuba shayi ta sunkuya, ba a tambayarta abin da take so. Amma wasu shekaru ukun, ni da Oyijon da gurasa a ƙusa, ban ga yadda zan yi da su ba.

Ya dawo da akwati biyu da kalma ɗaya, “a can”. A can ba a zubar da shara a titi. A can mota ba ta yin oda. A can ko kare ya san jan wuta. Sannan ga haƙora. Wani ƙarfe ne ya doke shi a baki a masana'anta, haƙoran sama biyar suka tafi, aka yi masa sababbi. Ya yi mana bayani tun kafin ya cire takalmi: an dasa masa ƙusoshi uku a cikin ƙashi, aka ɗora haƙora biyar a haɗe a kansu kamar gada a kan ginshiƙai, aka ɗaure da sukuru. Wani Farfesa ne ya yi da hannunsa. Fari ne fat irin na tayil ɗin banɗaki. Ko labarin rasuwa aka ba shi sai ya ɗan buɗe baki kafin ya ce Allah ya jiƙa.

Oyijon ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske. Ta daɗe tana dubawa.

“Ba waɗannan ne suka gatsa gurasata ba,” in ji ta.

“Oyi, waɗannan sun fi waɗancan sau goma.”

“Ni dai waɗancan na haifa.”

Washegari aka yi walima. Maza suka cika tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, aka ci palov, dafa-dukar shinkafar nan tamu, aka yi addu'a, sannan Oyijon ta sauko da gurasar a nannaɗe cikin farin kyalle ta ajiye gaban ɗanta. Gurasar da ta shekara uku a bango, idan ka jefi mutum da ita sai an je wajen 'yan sanda. Kowa ya san yadda ake yi. Ko soja ya dawo, jiƙa ta yake a shayi ta yi laushi ya ci. Maƙwabcinmu Holmat ota, dattijon da haƙori huɗu suka rage masa, ya tura wa Jurabek kofin shayi gabansa.

Da wani ne ya tura kofin, da wataƙila ya jiƙa. Amma jiƙa gurasa aikin masu baki irin na Holmat ota ne, kuma mutum arba'in na kallo. Jurabek ya mayar da kofin, ya ce waɗannan haƙoran Farfesa ya tabbatar masa ko murfin kwalba za su buɗe. Ya ɗaga gurasar da hannu biyu ya kafa mata haƙora.

An ji ƙara. Gurasar ko gezau ba ta yi ba.

Ya ajiye ta a hankali, ya rufe baki, ya yi wa jama'a sunkuyen nan da ya koyo a can, ya zagaya bayan ɗakin girki. Na bi shi da buta. Ya buɗe baki ya nuna min. Haƙoran duk suna nan, sai dai idan ya taɓa su da harshe gefen hagu yana lilo, jini na tsatsa daga dasashi, ga wani wari da na ji tun daren jiya na ɗauka abincin jirgi ne.

“Kada ki gaya wa kowa,” in ji shi.

Na ce to. A tsakar gida kuwa Holmat ota ya riga ya fara kwatanta ƙarar ga waɗanda ke zaune nesa.

Kwana biyu ya yi yana shan miya, yana cewa babu likita a ƙasar nan da zai bari ya sa masa hannu a baki. A rana ta uku leɓensa ya kumbura ya yi kamar na raƙumi, sai muka tafi wajen Dokta Nodirhon, ni da shi da Oyijon, ita da gurasar a cikin jaka don likita ya ga abin da ya faru da idonsa.

Asibitin Dokta Nodirhon yana saman wani shagon hayar rigunan amare. Bangon ofishinsa ba a ganin fenti saboda takardun shaida. Na karanta wasu muna jira, don ni duk abin da aka rubuta sai na karanta, tun da aka cire ni daga aji tara na koma koya wa kaina da waya da takardar ƙunsa gyaɗa. Yawancinsu shaidar halartar taron yini ɗaya ne. Akwai babban hoto nasa ya dafa wata na'ura a wajen baje koli a Jamus. Mako guda ya yi a can, amma makon ya shige shi sosai. Shi ma kalma ɗaya gare shi, “a Jamus”.

Da suka haɗu da Jurabek sai abin ya zama kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Jurabek ya hau kujera ya ce a can kujerar da kanta take gane nauyin mutum. Dokta ya ce a Jamus an daina yayin irin waɗannan. Jurabek ya ce a can hoton ƙashi kafin ka ƙifta ido ya fito. Dokta ya ce a Jamus ba sa gaggawa, shi ya sa aikinsu ba ya lilo. Oyijon ta fito da gurasar ta ajiye a kan tiren kayan aiki, aka roƙe ta ta ɗauke.

Hoton ya fito. Dokta ya nuna mana ƙusoshin uku farare a cikin ƙashi. Biyu suna zaune daram. Ta ƙarshe a hagu kuwa wani baƙin zobe ya kewaye ta, ya ce wannan ƙashi ne da ya narke, kuma ba jiya ya fara ba. Ƙusar ta daɗe da sakin ƙashi, gadar ce ke riƙe da ita maimakon ita ta riƙe gadar. Gurasa dai ta zo ta ƙarasa ne, ta karya sukuru ɗaya.

“Kun ji ko,” in ji Oyijon, ta mayar da jakarta kafaɗa. “Ba ruwan gurasata.”

Dole a kwance gadar, amma kowane kamfani da irin bakin sukurunsa, Dokta ya ce ba zai yi ta gwada sukudireba a bakin mutum kamar mai gyaran keke ba. A kira wanda ya yi aikin. Jurabek ya ce Farfesa mutum ne mai hidima, kuma ba ya jin yarenmu. Dokta ya ce shi ma yana ɗan taɓa Turanci. Jurabek ya ce lokacinsu ba ɗaya ba ne da namu. Oyijon ta ce ya ba da lambar mana, ko so yake bakin ya ruɓe. Ya bayar.

Aka kira ta bidiyo. Wani mutum ya ɗauka, yana sanye da singileti, cokali a hannu, bayansa an shanya safa a kan igiya. Ya matso da fuska kusa da waya.

“Kai, Nodir? Nodir mai kwafar amsa? Wa ya ba ka farar riga?”

“Ravshan? Ashe kana raye, ɓarawon man shanu.”

Ajinsu ɗaya a makarantar koyon aikin haƙori. Ravshan ɗan Rishton ne, nan kusa da mu, inda muke sayen kwanuka. Yana aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da masana'antu, wani likita ɗan ƙasar ne ya dasa ƙusoshin, shi kuma Ravshan shi ke yi wa 'yan ƙasarmu tafinta, ya ɗaure sukuru, ya gaya musu su kurkure baki. Farfesan Jurabek ke nan. Suka yi ta tambayar juna wa ya yi aure, wa ya yi tumbi, wa aka kama. Jurabek na kwance baki a buɗe da auduga a ciki, yana kallon silin.

Da aka juya wayar wajensa Ravshan ya gane shi nan take. “A'a, Jura ne. Ban ce ka daina nasvai ba?”

Nasvai garin tabar nan ne kore da mazanmu ke cusawa ƙarƙashin harshe su yi ta tofarwa. Jurabek ya rantse wa uwarsa ya daina tun kafin ya tafi. Ashe bai daina ba, wuri ya canja masa. Don kada shugaban aiki ya gane daga maganarsa, sai ya koma cusa shi a ƙarƙashin leɓen sama, gefen hagu, daidai kan sabuwar ƙusa. Oyijon ta zuba masa ido. Kallon nan nata ya fi faɗanta, ni na sani.

Ravshan ya faɗi sunan kamfanin. Dokta Nodirhon ya ɗan yi tari, ya jawo aljihun teburinsa na farko ya ɗauko sukudireban ba tare da ya nema ba. Irin ƙusoshin da shi ma yake dasawa ke nan. A allon ƙofarsa dai an rubuta tsarin Jamus.

Da ya kwance gadar, ƙusar ta uku ta biyo ta da kanta, ko allura ba a ƙara ba. Ya jefa ta a tasa ta yi ƙara. Ya wanke ramin, sannan ya zauna ya harɗe ƙafa ya ce hanya biyu ce.

Ta farko, a ɗauki gadar nan dai, a cike kogon da ƙusar ta bari a ƙarƙashin haƙorin ƙarshe da irin abin cikon haƙori, a goge ya yi sumul don kada abinci ya maƙale, a sa sabon sukuru a mayar da ita kan ƙusoshi biyun da suka rage. Haƙorin ƙarshen zai zauna ba komai a ƙarƙashinsa, kamar baranda. Aikin kwana biyu ne, kuma yana iya yin shekaru idan ba a gatsa abu mai tauri da gaba ba. Ya faɗi wannan yana duban farcensa. Ya ce faci ne dai.

Ta biyu, ya miƙe tsaye kafin ya faɗe ta. A zuba garin ƙashi a ramin, a ɗinke, a jira watanni ya kama, a dasa sabuwar ƙusa, a sake jira, a yi sabuwar gada. Kafin nan mutum ya riƙa sa haƙoran roba masu cirewa, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa. Rabin shekara, ko fiye.

Jurabek ya cire audugar ya ce faci za a yi, jirginsa ba zai jira garin ƙashi ba.

A mota Oyijon ta buɗe nata yaƙin. Ta ce babu wanda zai fita daga gidanta zuwa wata ƙasa bai gatsa gurasa ba, kuma likita ya hana shi gatsa, to magana ta ƙare. Ya ce zai gatsa da gefe. Ta ce da gefe akuya ke ci, ita shatin gaba take so ta gani a bango. Ya ce a can mutane suna tafiya har duniyar wata ba su gatsa komai ba. Ta ce shi ya sa ba a san ko suna dawowa ba. Daga nan ta yi kuka, ta ambaci hawan jininta, ta ambaci kabarin babansa. Shi kuma ya rufe bakinsa da hankici yana kallon taga. Na san wannan kallon. Idan aka matsa masa ta nan, tafiya ta tabbata.

Da yamma Zilola ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallonsa, ta tambaye ni yaushe baƙon zai koma cikin waya. Ya ji. Ya yi kamar bai ji ba.

Da safe, ranar da za mu koma a fara facin, na kai masa shayi da kunun madara. Na zuba rabin kofi na miƙa masa da hannu biyu yadda aka koya min, na zauna a gefe.

“Baban Zilola, hankalina ya kwanta da facin nan,” na ce.

Ya ɗaga gira.

Na gaya masa na tsaya hira da matar da ke karɓar baƙi a asibitin, ta ce ba shi ne na farko ba. An yi wa surukin Holmat ota irinsa, wannan mai dillancin tumaki a kasuwar Lahadi, ga shi yana cinikinsa lafiya. An yi wa Hola Sanobar mai sayar da 'ya'yan furen rana na taunawa a bakin tasha, ita ma ba ta kuka da shi. Na ce abu ne na talakawa mai albarka.

Ya ajiye cokali.

Na ce kuma unguwa ta yi murna. Jiya a wajen famfo mata suna cewa ashe aikin Koriya ma idan ya lalace Margilan ake kawo shi a gyara. Holmat ota yana cewa zai zo ya gani idan an gama, yana so ya ga yadda haƙori ke tsayawa a kan iska. Na ce idan ya koma can abokan aikinsa suka tambaya, sai ya ce musu a saman shagon rigunan amare aka like masa, Ravshan ma ai zai riga shi ba da labari.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na dai zaɓi wanda zan faɗa.

“Wa ya ce like ake yi?” in ji shi. Ba haƙoran sama, maganar tana fita da iska.

“Ban sani ba, ni ba likita ba ce. Ku sha kafin ya huce.”

Muka isa asibitin. Ya hau kujera, Dokta ya ɗauko gadar a cikin ƙaramin kwano, an riga an jera abin ciko a kan tire. Jurabek ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya tambaya, shi dai don sani, a ƙasashen da suka ci gaba wanne ake yi wa mutum mai matsayi.

Dokta Nodirhon ya ajiye kwanon kamar dama ya gaji da riƙe shi. Ya ce a Jamus da likita zai rataye haƙori a kan iska, da abokan aikinsa sun daina gaishe shi. Jurabek ya ce a can ma haka ne, ya tuna yanzu. Karo na farko ke nan da Jamus da Koriya suka yarda da juna a gabana. Dokta ya ce tun da ya shigo ya gane mutum ne da ya ga duniya. Jurabek ya ce ba kowa ke fahimtar inganci ba. Suka juyo tare suka kalle ni, na sunkuyar da kai.

A ranar aka zuba garin ƙashi aka ɗinke. A hanyar gida, da bakinsa a kumbure, ya yi min lacca. Ya ce matsalarmu ke nan a ƙasar nan, komai faci, titi faci, bututu faci, har baki ma a ce faci. Ya ce biza ana sake nema, amma mutum bai kamata ya yarda da aikin da aka yi wa dillalin tumaki ba. Ya ce ni ban fita ko'ina ba shi ya sa har hankalina ya kwanta da irin wannan.

Na ce haka ne.

Oyijon tana kujerar gaba, ba ta juyo ba. Amma da muka isa gida ta ce in bar wanke-wanken ita za ta yi, abin da ba ta taɓa faɗa ba tun da aka kawo ni. Ba ta yi ba dai, ni na yi, amma ta faɗa.

Ranar da jirgin ya tashi, abokan tafiyarsa suka yi ta kira daga filin jirgi har ya kashe wayar. Ya zauna a kan gadon katako na tsakar gida da rigarsa ta masana'anta, yana shafa ɗinkin da harshe. Oyijon ta bar shi ya zauna har azahar, sannan ta leƙo ta taga ta ce sanyi ya kusa, ga itatuwan ɓaure da rumman ba a kwantar da su an rufe da ƙasa don kada sanyi ya kashe su ba, shekara uku mata ke yi, bayanta ya gaji.

Ya tashi ya ɗauki shebur. Ya manta yadda ake yi, reshen farko da ya lanƙwasa ya karye. Na riƙe masa na biyu da ƙafa yana zuba ƙasa, Zilola na biye da shi tana ɗebo tata da murfin tukunya tana zubawa a kan takalminsa. Ya rufe uku ya ce hannunsa ya yi kanta, gobe zai ƙarasa sauran.

Na ce to, gobe.